Inda Autanmu Yake Jan Numfashi

Ni na goyi autanmu. Innarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuma a lokacin na isa daka da niƙa, sai hidimarsa ta dawo kaina. A Roni muke, gidanmu yana jikin dutse. Injin niƙa bai zo unguwarmu da wuri ba, saboda haka kullum da hantsi ina durƙushe a gaban dutsen niƙa, shi yana ɗaure a bayana. Da ya yi wayo sai ya koma zama a gefena yana wasa da tsaba. Mai niƙa ba ta rasa waƙa, kuma duk macen da ta taɓa niƙa ta san ba a jan numfashi lokacin da ake tura ɗan dutse gaba, sai an janyo shi baya. Waƙar ma haka take tafiya: ki tura da murya, ki janyo da numfashi, ko da a tsakiyar kalma ne. A haka yaron nan ya koyi waƙa tun bakinsa bai buɗe sosai ba. Ya girma, ya yi gemu, bai daina jan numfashi a inda mai niƙa take ja ba. Shi kansa bai san yana yi ba. Ni na sani, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban ga amfanin faɗa ba.

Aure ya kawo ni Gwiwa, shi kuma aka kai shi makaranta a Kazaure. A can ya faɗa wasan daɓe, irin wanda ake yi a fili gaban jama'a. Ban so ba. Namiji ya shafa gawayi a fuska, ya ɗaura zanin wata, mutane suna ta dariya, ni ban ga sana'a a ciki ba. Sau ɗaya na je, da la'asar, a filin wata makaranta. Wasa ne a kan rigakafin yara, shi ya fito a makiyayi, da sanda a kafaɗa. Da ya ɗaga murya sai filin ya yi tsit, har masu tallan gyaɗa suka sauke farantansu. Ni ban kalle shi sosai ba, mutanen da ke kallonsa nake kallo. Na ga wanda yake tafi da hannu fuskarsa ba ta tafi. Tun ranar na san yaron nan zai yi masu so, kuma zai yi waɗanda ba a gane musu.

Daga daɓe aka ja shi Kano yin fim. Duk zuwan da zai yi gaishe ni sai ya zauna a bakin ɗakina ya yi ta ba ni labarin sana'arsu, ina tsince wake ina jinsa. Shi ya gaya mini cewa yawancin waɗanda ake gani suna waƙa a fim ba su suke yi ba. Wani ne yake rerawa a ɗakin ɗaukar murya, a naɗe, ranar ɗaukar hoto a kunna, ɗan wasa ya riƙa motsa baki. Na ce ashe duk ƙarya ce ake sayar wa mutane. Ya yi dariya ya ce ba ƙarya ba ce, aiki ne, kowa ya sani. Amma shi, in ji shi, da bakinsa yake yi: shi zai shiga ya rera, shi kuma zai fito a gan shi. Abin da ya sa ake nemansa ke nan, kuma abin da ake rubutawa ke nan a jikin hotonsa. Da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa huɗu.

Wata rana ya nuna mini wani Bature a waya, na zamanin da, tun fim ba shi da launi. Mutumin yana tsaye da wata doguwar hula, yana waƙa da yarensu. Auta ya ce wannan ma a daɓe ya fara kamarsa, da aka soma yin fim mai magana sai aka ɗauke shi saboda muryarsa. Na karɓi wayar na matso da ita kusa da idona. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga jijiyar wuyansa tana tashi, na ga ƙirjinsa yana cika yana sauka. Na mayar masa na ce wannan dai shi yake yi. Auta ya ce, "Yaya, ke ko Bature ba ki bari ba."

Shekaru suka tafi a haka. Sai wata damina, bayan azahar, na shiga gidan maƙwabciyata aron rariya, na tarar da ita da surukarta suna kallon sabon fim ɗinsa. Suka matsa mini na zauna. Aka zo wajen waƙa. Murya tasa ce, da zaƙinta da ɗan karkarwar nan da take yi a ƙarshe. Amma numfashin ba nasa ba ne. Mai waƙar yana kai magana ƙarshe kafin ya ja numfashi, tsaf, kamar mai karanta wasiƙa. Na sa aka mayar da wajen baya har sau uku. Maƙwabciyata ta ce ai yanzu inji ne yake gyara murya, yana share numfashi da tari da komai. Na ce to. Na ɗauki rariyata na fito. Inji zai iya share numfashi, na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne ya ɗauke shi daga nan ya dasa shi can.

Na tambaye shi a waya ko lafiya yake. Ya ce ƙalau. Muryarsa ta ɗan dushe, ya ce mura ce, ruwan sama ya doke su a wajen aiki. Wannan shi ne karo na farko da na tambaye shi.

Karo na biyu a wajen sunan jikar yayanmu ne, a Roni. Ya zo da matarsa da wani mutum ɗan Babura, siriri, wanda zai yi ƙanen autan da shekaru kaɗan. An ce shi ne mai ɗakin ɗaukar muryar da auta yake aiki a ciki, kuma amininsa ne. Mutumin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Hajiya kaza Hajiya kaza. Ladabin ya yi yawa. Kuma duk inda auta ya juya yana biye da shi da wani fulas a hannu, jim kaɗan ya tsiyaya masa wani abu mai ɗumi a murfin, auta ya kurɓa. Na tambaya, aka ce zuma ce da citta. Da mata suka roƙi auta ya yi wa mai jego ko baiti ɗaya, kafin ya buɗe baki mutumin Babura ya riga shi, ya ce ai an hana shi waƙa a fili saboda sabon fim da zai fito. Na kalli matar auta. Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin da babu abin da ya same shi. Na kira shi ɗaki na ce me yake damunka. Ya ce babu komai, gajiya ce.

Kafin la'asar na zaga bayan gida ɗebo itace. Akwai danga tsakanina da inda maza suke alwala. Sai na ji muryar autanmu, ƙasa-ƙasa, yana rera waƙa. Na ji daɗi, na ce ashe dai tana nan. Na leƙa ta ramin danga. Mutumin Babura ne shi kaɗai, a tsugune, yana wanke ƙafa, muryar ɗan'uwana tana fitowa daga bakinsa.

Na dawo Gwiwa da wannan a raina, na yi ta juya shi. Ban yi makaranta ba, amma na san haɗa abu da abu. Ga mutum muryarsa tana dushewa. Ga wani yana ba shi abin sha daga fulas ɗin da ba ya barin hannunsa. Ga muryar ta koma bakin mai fulas. Mun sha jin an yi wa mai sana'a asiri an ɗauke masa abin da yake ci da shi. Ban gaya wa maigidana ba, don na san zai ce na faye zargi, kamar yadda ya saba faɗa tun yana da haƙoransa duka. Na karɓo rubutu wajen wani malami, na aika wa auta a jarka, na ce a gaya masa ya daina shan abin hannun kowa. Na sake kiransa a waya, karo na uku ke nan, na ce masa kai tsaye ko akwai wanda yake jin tsoro. Ya ce, "Yaya, don Allah ki bar maganar nan." Mutum ba ya cewa a bar magana sai in akwai ta.

Gero ya fara fitar da kai sai na ji labari a kasuwarmu cewa masu fim sun zo Kazaure, suna ɗauka a gindin duwatsu, kuma har da auta. Ya zo kusa da ni haka bai gaya mini ba. Washegari da sassafe na yafa mayafi, na hau mashin zuwa Kazaure, daga tasha na shiga a daidaita sahu, mai shi ya san wurin don tun jiya yake kai mutane kallo.

Na samu gindin wata bishiya na zauna a cikin 'yan kallo, na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Ban taɓa ganin yadda suke aikin ba sai ranar. Mutane sun fi ashirin, wani riƙe da wani farin allo yana haska fuska da rana, wani yana ta ihu a yi shiru, ga wata ƙatuwar sifika a kan dutse. Wani mai jar hula da ƙaton ciki shi ne darakta, shi yake cewa a fara, shi yake cewa a tsaya. Auta yana saman wani falalen dutse cikin farar riga, an shafa masa hoda. Aka kunna waƙa, ya buɗe hannuwa yana motsa baki. Wannan bai dame ni ba, ya riga ya gaya mini haka ake yi. Wuyansa nake kallo. A da, ko waƙar tasa aka kunna a rediyo ba ya iya yin shiru, sai ya bi ta. Ranar babu jijiyar da ta motsa. Ƙirjinsa yana tashi a tsakiyar magana, inda ya saba, sifika kuma tana ci gaba da waƙa ba ta tsaya ba. Sau biyu darakta ya tsayar da aiki yana cewa bakinsa ba ya tafiya daidai da waƙar, wai mutum da waƙarsa amma ya kasa binta. Aka yi dariya. Auta ma ya yi.

Da aka ba da hutu ya sauko, mutumin Babura ya tarye shi da fulas. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ratsa ta cikin wayoyinsu, na sa hannu na buge murfin, abin ya zube a farar rigar. Auta ya ce, "Yaya?" Ban kula shi ba. Na juya wajen mai jar hula na ce masa ni ce yayar wannan, ni na goye shi, kuma muryar da take cikin sifikar nan ba tasa ba ce, ta wancan ce, ya san abin da ya ba shi ya sha.

Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka kawo mini kujera, ya ce Hajiya ki zauna, rana ce. Ya ce shekara nawa yana aiki da auta, ko cikin barci ya san muryarsa. Sannan ya juya wajen auta ya ce, "Yi wa Hajiya baiti ɗaya hankalinta ya kwanta, mu koma aiki."

Auta ya kalle ni. Ban taɓa ganin irin kallon nan a idonsa ba, ko ranar da aka binne babanmu. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Kalma biyu na farko suka fito a dushe, da ya zo ɗagawa sai muryar ta tsage, iska kawai ta fito, sai tari. Ya sake gwadawa. Haka dai. Darakta ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon mutumin Babura, sannan ya tambaye shi tun yaushe. Mutumin ya ce damina biyu ke nan.

Ba a ƙarasa aikin ranar ba. A cikin motar auta, a ajiye a gefen hanya, aka gaya mini sauran. Shi yana gaba ya jingina kai da gilashi. Mutumin Babura ne ya yi bayani daga wajen tuƙi, bai waiwayo ba. Ya ce muryar ta fara tsagewa ne a hankali, auta ya ƙi zuwa asibiti don kada labari ya fita, domin ranar da aka san ba ya iya waƙa, ranar za a daina nemansa. Shi kuma mutumin ya yi shekara da shekaru yana naɗar muryar auta, ya san ta ciki da waje, har yana kwaikwayonta don wasa. Auta ne ya roƙe shi. Su biyu suke shiga ɗakin su kulle, shi ya rera, a kai wa darakta a ce auta ne. Ya ce abin da ke cikin fulas zuma ce da citta, in ina so in sha in ji. Na ce ba na sha.

Cikin mako ɗaya labari ya gama Kano. Aka cire auta daga fim ɗin, aka sa wani yaro mai gashi. Da ba sauran abin ɓoyewa, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka ce wani ɗan tsiro ne a maƙogwaro, aka yi masa aiki aka cire. Matar ta gaya mini likita ya ce ba mugun ba ne, amma an bar shi ya daɗe. Na tambaye ta ko da an ƙara barinsa zai kashe shi. Ta ce likita bai faɗi haka ba. Na so a ce ya faɗa. Magana ta dawo wa auta, da ɗan kauri, waƙa kuwa ba ta dawo ba. Ya yi wata da watanni a zaune, matarsa tana soya awara a ƙofar gida. Daga baya aka fara kiransa yana fitowa a uban yarinya ko mai unguwa, ya zauna a tabarma ya yi faɗa, a wuce wajen. Ba a sa hotonsa a gaba yanzu.

Mutumin Babura kuwa, daraktan nan da kansa ya neme shi. Yanzu da sunansa yake waƙa, an ce har Nijar ana kiransa biki, ana yi masa liƙi da sefa. Kowa yana cewa mutumin kirki ne, ya rufa wa amininsa asiri damina biyu bai nemi a san shi ba. Wataƙila haka ne. Ni dai na san wanda ya hau da wanda ya sauka, kuma na san cewa mai son ka da gaske asibiti yake kai ka, ko kana kuka. Na bar maganar asiri, don na ga takardar asibiti da idona ko da ban iya karanta ta ba. Amma ban ce na wanke shi ba. Duk sallah sai ya zo Gwiwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye mini kwalbar zuma. Ina amsawa, in sa masa albarka. Kwalaben suna nan a jere a bayan kwalla, ban buɗe ko ɗaya ba.

Auta ya fi shekara bai tako gidana ba. Yana aiko da gaisuwa ta bakin matarsa, ni ma ina mayarwa ta bakinta. Sai bara, bayan an gama girbi, na ji tsayuwar mota da hantsi. Ya shigo shi kaɗai, ya yi furfura a gemu, ya zauna a bakin ɗakina inda ya saba. Muka gaisa, na kawo masa fura, ya sha. Muka yi maganar gona da ta yara. Can ya ajiye ludayi ya ce, "Da kin tambaye ni a ɗaki, Yaya."

Na ce, "Sau uku na tambaye ka."

Bai musa ba. Ya ce abu ɗaya ne ya kasa ganewa. Darakta bai gane ba, masu saye ba su gane ba, 'ya'yansa na cikinsa ba su gane ba, shi kansa wani lokacin in aka kunna sai ya ɗauka shi ne. Ta yaya ni na gane.

Dutsen niƙan Innarmu yana gidana, na taho da shi tun da aka raba kayanta, randa nake ɗorawa a kai. Na sa shi ya sauke randar. Na ɗebo gero tafi ɗaya na zuba, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na tura ɗan dutsen na janyo, na tura na janyo, ban yi waƙa ba, numfashi kawai nake ja a inda ake ja. Ban kai ga niƙe tafin ba na ji wani numfashin a gefena yana tafiya tare da nawa. Na ɗaga kai. Ya rufe ido, bakinsa a rufe, ƙirjinsa yana tashi duk lokacin da dutsen ya dawo.

Da na gama ya mayar mini da randar mazauninta, ya ce zai dawo da yara ranar kasuwa. Na ce ya taho da takardar asibitin ta ƙarshe, akwai wanda zan ba ya karanta mini. Ya ce ai ya warke. Na ce na ji, ya dai taho da ita.